Suga ya ɗan hau, bai kai ciwo ba: me ke faruwa a cikin jijiyoyin jini?

Mutum ya je awon suga da sassafe bai karya kumallo ba, takarda ta fito da 112. Ya miƙa wa ma'aikacin lafiya, aka duba aka ce masa, "Alhaji, ba ka da ciwon suga, ya dai ɗan hau. A rage zaƙi." Ya yi hamdala, ya linke takardar ya cusa a aljihu, a hanyar komawa ya tsaya wurin mai shayi aka haɗa masa mai kauri. Ba a yi masa ƙarya ba. Sai dai amsar da aka ba shi ta shafi tambaya guda ce kawai, wato ko ya tsallaka wani layi da likitoci suka shata. Halin da jijiyoyin jininsa ke ciki wata magana ce daban, kuma ba wanda ya taɓo ta.

Bahaushe kalma ɗaya gare shi, jijiya, ga ta jini, ga ta motsi, ga wadda ake tauna a nama ta ƙi taunuwa. Wadda ake nufi a nan ita ce mai ɗauko jini daga zuciya ta rarraba wa jiki, wadda ake jin bugawarta in an ɗora yatsa a wuyan hannu. Ita ce idan ta toshe a zuciya mutum ya dafe ƙirji ya faɗi, idan ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa ɓarin jiki ya shanye.

Idan aka auna jinin wanda ya yi aƙalla awa takwas bai ci komai ba, aka samu 126 ko fiye a ma'aunin mg/dL, wato 7.0 a ma'aunin mmol/L, aka maimaita aka tabbatar, to ciwon suga ne. Ƙasa da haka kuma sai ra'ayi ya rabu. Ƙungiyar ciwon suga ta Amurka, tun 2003, tana ɗaukar 100 zuwa 125 a matsayin matakin gab da kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta fara lissafi sai daga 110. Ka ga ke nan mai 105 lafiyayye ne a wurin wasu, abin sa wa ido ne a wurin wasu. Akwai awo na biyu, wanda ake ba mutum ruwa mai giram 75 na suga ya shanye, a jira awa biyu a ɗebi jini: 140 zuwa 199 shi ne tsaka-tsakin, 200 ciwo ne. Na uku shi ne HbA1c, mai nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, inda tsaka-tsakin yake 5.7 zuwa 6.4 cikin 100.

Daga ina 126 ta fito? Kafin 1997 layin yana kan 140 ne. A shekarar wani kwamitin ƙwararru a Amurka ya sauko da shi, kuma hujjar da ya fi dogara da ita ta ido ce. An duba bayanan mutanen ƙabilar Pima da ke jihar Arizona, da na wasu mutane a Masar, da na wani babban binciken lafiyar al'umma na Amurka, aka ga cewa lalacewar ƙananan jijiyoyin da ke tantanin bayan ido ba ta cika bayyana ba sai suga ya kai wajen wannan matakin, daga nan sai ta yi tashin gwauron zabi. Layin yana da ma'ana, amma don ido aka shata shi. Manyan jijiyoyi ba su san da shi ba. Nasu haɗarin kamar hawan tudu mai gangara yake, yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan tun daga can ƙasa, babu wata matakala da za a nuna a ce daga nan aka fara.

Tun a 1990 wani mai bincike, Steven Haffner, da abokan aikinsa a birnin San Antonio na jihar Texas suka nuna haka. Sun bi mutanen da ba su da ciwon suga har shekara takwas, sannan suka waiwaya suka duba waɗanda suka kamu. Ashe tun ranar farko, lokacin da sugansu bai kai a kira shi ciwo ba, sun riga sun fi sauran maiƙo a jini, jininsu ya fi hawa, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don saukar da suga, ya fi yawa a jikinsu. Suka ce agogon ciwon zuciya yakan fara tafiya tun kafin a sa wa mutum sunan mai ciwon suga. Wannan ne dalilin da ya sa likitocin zuciya kan ci karo da mutumin da aka kawo da toshewar jijiya, sai a kan gadon asibiti a gano sugansa ya daɗe yana rawa a tsakani.

Ɓarnar ta hanya biyu take zuwa, kuma gara a rarrabe su.

Ta farko daga ciki ce. Kowace jijiya tana da wani shimfiɗi siriri a cikinta, kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya tak, santsi gare shi don kada jini ya maƙale. An daɗe ana ɗaukarsa kamar daɓen ƙasa kawai, sai aka gano yana fitar da wata iska mai suna nitirik oksaid da ke sa jijiya ta saki jiki ta buɗe, ta kuma hana jini daskarewa. A kan wannan aka ba Robert Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998. Insulin, wanda muka sani da shigar da suga cikin tsoka, yana cikin masu umartar shimfiɗin nan ya fitar da iskar. To matsalar mafi yawan masu suga tsaka-tsaki ita ce jikinsu ya daina jin maganar insulin yadda ya kamata. Jiki sai ya riƙa ƙaro shi don suga ya sauka, shi ya sa lambar ba ta haura sosai ba, amma kunnen ƙashin da tsoka ta yi wa insulin, jijiya ma ta yi masa. Iskar buɗewa ta ragu, jijiya ta tsuke. Insulin ɗin da ya yi yawa kuma yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau. Hanta a nata ɓangaren tana ta zubo maiƙo cikin jini, kwalastarol mai share hanya ya ragu, mai toshewa ya zama ƙanana-ƙanana masu sauƙin kutsawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maiƙon ya ratsa shimfiɗin da ya yi rauni ya zauna a cikin bangon jijiya, fararen ƙwayoyin jini su bi shi su haɗiye, su mutu a wurin, a hankali wani tudu ya taso. Shekaru yana nan ba ciwo ba zazzaɓi. Ranar da samansa ya tsage, jini ya daskare a kai cikin mintuna, hanya ta rufe. Mutane su ce farat ɗaya abin ya zo masa.

Ta biyu ita ce bushewa. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya tana talewa kamar roba: zuciya ta harbo jini ta buɗe ta karɓa, sannan ta koma ta tura shi gaba a hankali. Suga yana da halin manne wa sinadaran gina jiki da kansa, ba tare da an sa shi ba. Irin haɗuwar ce ke sa bayan burodi ya yi ja ya yi tauri a murhu, ko ƙasan tukunya ya yi ƙanzo, sai dai a jikin mutum babu wuta, shekaru ne ke yin aikin. HbA1c ɗin da ake aunawa ma suga ne da ya manne wa jan jini. To jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi a sauya su, amma zaren da aka saƙa bangon jijiya da shi yana shekaru masu yawa ba a sabunta shi ba, don haka abin da ya manne ya zauna, zare ya sarƙe da zare. Wanda ya taɓa barin tiyon ban-ruwa a rana har ya ƙage ya san sakamakon. Jijiyar da ta bushe ba ta shanye ƙarfin bugun zuciya, sai ta wuce da shi kai tsaye zuwa ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda waɗanda ba a halicce su don ɗaukar duka ba. Lambar sama ta awon jini ta hau, zuciya ta yi ta dako har naman bangonta ya yi kauri.

Ana iya auna wannan bushewar. Ana sa na'ura a wuya da gindin cinya a ga saurin da bugun ke yi tsakaninsu, domin a busasshiyar jijiya ya fi gudu, kuma likitocin Turai suna ɗaukar fiye da mita 10 a daƙiƙa a matsayin alamar lahani. Binciken da aka yi a garuruwan Hoorn da Maastricht na ƙasar Holan ya nuna masu suga tsaka-tsaki a tsakiya suke: jijiyoyinsu sun fi na masu lafiya tauri, ba su kai na masu ciwon suga ba.

Kada kuma a firgita mutane fiye da kima. A 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa nazarin da ya tattara bincike 129 da suka ƙunshi mutum sama da miliyan 10. An samu cewa masu suga tsaka-tsaki sun fi sauran jama'a haɗarin cututtukan zuciya da jijiyoyi da kimanin kashi 15 cikin 100, shanyewar ɓarin jiki da kashi 14, mutuwa ta kowane dalili da kashi 13. Wannan ƙari ne na gaske, amma bai kai na cikakken ciwon suga ba, wanda ke kusan ninka haɗarin, kuma bai kama ƙafar na taba sigari ba. Inda abin ya yi nauyi shi ne ga wanda ya riga ya taɓa samun ciwon jijiyoyin zuciya, nan ƙarin ya haura kashi 30. Sannan yawan mutanen: ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 541 ne sugansu ke jinkirin sauka bayan sun sha zaƙi. Ƙaramin kaso a kan irin wannan taron ba ƙaramin adadin gawa ba ne. A gefe guda, ba kowa ke zarcewa ba. Kimanin 5 zuwa 10 cikin 100 ne ke kamuwa da ciwon a kowace shekara, wasu da dama kuma sugansu kan koma daidai. A cikin tsofaffi ma, wani bincike na Amurka a 2021 ya nuna waɗanda suka koma daidai sun fi waɗanda suka zarce yawa. Shi ya sa wasu likitoci, irin su John Yudkin na Ingila da Victor Montori na Amurka, suka soki yadda ake faɗaɗa ma'anar har rabin gari ya zama majinyaci. Ina ganin suna da gaskiya a kan dattijo ɗan shekara 75 mai 103. Ɗan shekara 40 mai tumbi da hawan jini, wanda mahaifiyarsa ta rasu da ciwon suga, lissafinsa daban ne ko da lambarsu ɗaya.

Akwai kuma batun wane awo aka yi. Wani babban nazari da ya haɗa ƙasashen Turai da dama, da wani da aka yi a garin Funagata na Japan, dukansu a 1999, sun nuna cewa sugan bayan awa biyu ya fi na kafin karin kumallo hasashen wanda ya fi haɗarin mutuwa. Mu kuwa na safiyar nan muka fi yi, don ya fi arha da sauri. Mutum yana iya samun 95 da safe, amma in ya ci malmala biyu ta tuwon shinkafa ya kora da lemon kwalba, sugansa ya yi awanni a sama. HbA1c da ya kamata ya cike giɓin shi ma yana da matsala a wurinmu. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Najeriya yana ɗauke da rukunin jinin AS, kuma an nuna cewa a jikin irin waɗannan awon na iya fitowa ƙasa da gaskiya, wasu na'urorin ma rikicewa suke yi. Ƙarancin sinadarin G6PD na cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ya yawaita a yankunan zazzaɓin cizon sauro, shi ma yana saukar da shi. Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, da ya addabi mata masu haihuwa, ɗaga shi yake yi. Duk wanda ya san rukunin jininsa AS ne ko AC, ya faɗa wa likita kafin a yanke hukunci da wannan awon.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. In suga ne da kansa ke ɓata jijiya, ai saukar da shi da magani ya kamata ya rage toshewar jijiyar zuciya da shanyewar jiki. An gwada. A 2010 aka fitar da sakamakon gwajin maganin nateglinide, mai rage hawan suga bayan cin abinci, a kan mutum sama da 9,000 masu suga tsaka-tsaki: bai rage cututtukan zuciya ba. A 2017 aka fitar da sakamakon gwajin maganin acarbose a ƙasar Sin a kan mutum kimanin 6,500 masu ciwon zuciya da suga tsaka-tsaki: ya ɗan rage masu kamuwa da ciwon suga, zuciya kuwa ko gezau. Sai ga abin mamaki daga ɗaya gefen. Magungunan statin masu rage kwalastarol sukan ɗan ɗaga suga, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa a rubuta gargaɗin a 2012, amma duk da haka suna rage toshewar jijiyoyi ƙwarai. Magani mai saukar da suga bai kare jijiya ba, mai ɗan ɗaga shi ya kare. Wanda ya ɗauki wannan da muhimmanci zai gane cewa a wannan matakin lambar suga ta fi zama ɗan aike mai kawo labarin cewa jiki ya rikice, kuma wanda ya tsaya kokawa da ita kaɗai ya bar jaki yana dukan taiki.

Magungunan da suka taɓa tushen matsalar sun fi nuna alheri. A wani gwaji da aka wallafa a 2016, an ba mutum 3,876 da suka taɓa samun shanyewar jiki, ba su da ciwon suga amma jikinsu ba ya jin insulin, ko dai maganin pioglitazone mai sa jiki jin insulin ko ƙwayar da ba magani a cikinta. A cikin kusan shekara biyar, maimaituwar shanyewa ko bugun zuciya ta sauko daga kashi 11.8 zuwa 9.0, sai dai maganin ya zo da ƙiba, kumburin ƙafa da karayar ƙashi. A 2023 allurar semaglutide mai rage ƙiba ta rage irin waɗannan haɗura da kashi 20 a tsakanin mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya marasa ciwon suga, kimanin kashi biyu cikin ukunsu masu suga tsaka-tsaki. Kuɗinta kuwa, a bar maganar.

Sauyin abinci da motsa jiki fa? A nan labari biyu ne, kuma ban ga amfanin ɓoye ɗaya ba. A Amurka, gwajin da aka wallafa a 2002 a kan mutum 3,234 ya nuna cewa rage kashi 7 na nauyin jiki da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon suga da kashi 58, maganin suga na metformin ya rage da kashi 31. Amma da aka bi mutanen har shekara 21, ba a ga bambanci a yawan bugun zuciya da shanyewar jiki ba. Da yawansu sun koma shan statin da maganin hawan jini a tsawon lokacin, daga baya kuma an koya wa kowa da kowa tsarin, to bambancin sai ya dushe. Ɗayan labarin daga Daqing ne, birnin man fetur a arewa maso gabashin Sin. A 1986 aka ɗauki mutum 577 a ɗakunan shan magani 33, aka ɗora wasunsu a kan tsarin abinci ko motsa jiki ko duka biyun na shekara shida kacal. Da aka cika shekara 30, a rahoton 2019, waɗanda aka ɗora a kan tsarin sun yi jinkirin kamuwa da ciwon da kusan shekara huɗu, cututtukan zuciya da jijiyoyi sun ragu a cikinsu da kashi 26, mutuwa ta wannan hanyar da kashi 33. Sai da aka haura shekara 20 kafin ribar ta fito fili. Jijiya a hankali take lalacewa, a hankali kuma take nuna an kyauta mata.

A ƙasashenmu abokin tafiyar sugan da ya fi kowanne kisa shi ne hawan jini. Babban binciken shanyewar ɓarin jiki da aka yi a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya danganta kusan tara cikin goma na shanyewar da hawan jini. Ya kuma lissafa ciwon suga, rikicewar maiƙon jini, tumbi, barbaɗa gishiri a kan abinci da ƙarancin cin ganye a cikin dalilai. Saboda haka Alhajin da ya samu 112, abin da ya fi cancanta ya nema kafin ya bar asibitin shi ne a ɗaura masa abin awon jini a hannu, in ya kai 140 bisa 90 a maimaita a ɗauki mataki, sannan a duba maiƙon jininsa da ƙodarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, ƙasa da cikin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen da ake jefawa a miya biyar-biyar yawancinsa gishiri ne. Zogale, rama, alayyahu, yakuwa da lalo da ake yi wa kallon cimar talaka suna cikin irin ganyen da binciken ya samu yana karewa. Zuma da ake cewa an koma mata don an bar sukari, albarkarta na nan, amma in ta shiga jini suga ce. Tumbi kuma ba sai an nemi sikeli ba: a yanki igiya daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, in ba ta zagaye cikinsa ta wajen cibiya ba, kitsen ciki ya yi yawa, ko da hannuwa da ƙafafu sirara ne. Tsokar da ke aiki tana jan suga daga jini ba tare da jiran insulin ba, shi ya sa tafiyar minti goma sha biyar bayan cin abinci take rage hawansa, kuma wanda ya saba hawa babur zuwa bakin layi yana da inda zai fara. Macen da suga ya taɓa hawar mata a lokacin goyon ciki, ko da ya sauka bayan haihuwa, tana cikin waɗanda ya kamata su riƙa awo a kai a kai.

Jijiyoyin sukan yi ishara kafin babban abu ya faru, sai dai mukan ba isharar wani suna. Ciwon sha-raɓa da ke kama mutum in ya yi tafiya, ya lafa in ya tsaya minti biyu, ya dawo in ya ci gaba, sau da yawa jini ne bai isa ƙafa ba, ana ta shafa masa man zafi. Ɗayar kuma ba a son faɗarta a bainar jama'a. Jijiyoyin da ke kai jini ga mazakuta faɗinsu milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya 3 zuwa 4, don haka ƙananan ke fara nuna gazawa, kuma raunin kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Magidanci ɗan shekara 45 da ya ga sauyi a wannan fannin yakan ce basir ne ko sanyi, ya nufi mai magani a bayan mota da lasifika ranar kasuwa, a ƙulla masa gari a leda. Da asibiti ya nufa ya faɗa wa likita abin da ke damunsa, awon suga da na hawan jini da na maiƙo za a fara rubuta masa.